Sun ce da na yaye yaron za su kwashe min 'ya'ya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mijina ne ya sake ni wata bakwai kenan, saki ɗaya, har na gama idda bai maida ni ba, yanzu ina gidanmu da yara biyu, mace 'yar shekara 6 da namiji ɗan wata 19 da nake goyo. Tunda na dawo sau biyu kacal ya yi aike, shinkafa kwano biyu da sabulu da dubu biyar. Kuɗin makarantar yarinyar ma Babanmu ne ya biya kuma ɗan fansho ne, wallahi in an zubo mana abinci har nauyin ci nake ji. Satin da ya wuce yayarshi ta zo tace da na yaye ƙaramin za su zo su kwashi yaransu wai ai ɗa na uba ne, in kuma na hana to kar na sa ran ko sisi. Ga shi wani ya fito neman aurena an ce min ina yin aure shikenan yara sun bar hannuna. Anti kaina ya kulle, mene gaskiyar maganar nan?
Baiwar Allah daga Kano

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya kawo miki mafita. Wannan zancen na "da an yaye a kawo" al'ada ce kawai da ta yi ƙarfi har wasu suke zaton addini ne. Kotunan shari'armu a Arewa da Malikiyya suke hukunci, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ko a zauren malamin unguwa ana karanta ta, ta faɗa ƙarara cewa bayan saki riƙon yara na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Ba shekara 2 ba, ba 7 ba. Sai fa in an tabbatar wa alƙali cewa akwai sakaci a wajenki ko yaran suna cutuwa, nan kam magana ta canza.

Eh ɗa na uba ne, shi ne waliyyi, shi zai aurar da 'yarshi, yana da ikon ganinsu ya sa ido a karatunsu da tarbiyyarsu. To amma wannan ubancin da yayar tashi take tinƙaho da shi, shi ne dai ya ɗora mishi ci da sha da sutura da magani da wurin kwanansu, ko suna hannunki ko suna hannun wa. Ki duba aya ta 233 a Baƙara, har cewa ta yi kar a cutar da uwa saboda ɗanta, sannan aya ta 7 a suratu Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Ciyarwar nan haƙƙin yaran ne, ba kyauta yake miki ba balle ya ce sai kin miƙa su zai bayar. Abin da ma mata da yawa ba su sani ba, tunda idda ta ƙare kina iya neman ladan shayarwar da kike yi, aya ta 6 a suratu Ɗalaƙ ɗin ta yi maganar.

Batun aure kuwa akwai ƙamshin gaskiya a abin da aka faɗa miki amma rabi aka faɗa. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito Annabi (SAW) ya ce wa wata mata ita ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba. Saboda haka in kin tare a gidan wani da ba muharramin yaran ba haƙƙinki ya faɗi, sai dai ba wajen uban yake tsallakawa ba, mahaifiyarki ce ta gaba a layi, bayanta 'yar'uwarki wato innarsu, kuma can ɗin ma shi zai ci gaba da aika kuɗi. Ki zauna da Mama ku yi wannan maganar tun kafin a sa rana.

Ki fara da sulhu, Baba ya kira magabatanshi, in abin ya ƙi ku je Hisba, kuma duk abin da aka yanke a rubuta a sa hannu da shaidu, dan alƙawarin baka a irin wannan ba ya wuce wata biyu. In ya ƙi ji, kotun shari'a mafi kusa da ke za ki shigar da ƙara kan ciyarwa da riƙo, alƙali zai duba samunshi ya yanka mishi adadin da zai dinga bayarwa duk wata, daga nan ya zama umarnin kotu. In ba kuɗin lauya akwai Legal Aid da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimakawa kyauta. Ki riƙe takardar sakinki, rasit ɗin makarantar da Baba ya biya, katin asibiti, har alat ɗin dubu biyar ɗin nan in ta banki ya turo kar ki goge. Kuma in ya aiko a kai mishi su da Sallah ki shirya su ki kai, dan kar gobe ya tsaya gaban alƙali ya ce ke kika raba shi da 'ya'yanshi.