Ba sai kin zauna Yamai ba: amsa kan shirye-shiryen horar da matasa jagoranci da hulɗar ƙasashe

Tambaya

Assalamu alaikum malam. Shekaruna 29, na karanta aikin gona a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yau shekara huɗu ina aiki da wata ƙungiyar mata masu noman aya da wake a yankin Madarunfa. Ina yawan ganin sanarwar shirye-shiryen da ake ɗaukar matasa ma'aikata a kai su waje, a horar da su jagoranci da ƙulla hulɗa tsakanin Afirka da Turai ko Amurka. Sau biyu ina tura dosiye, ko kira ba a yi mini ba. Ƙawata ta ce harkar 'yan Yamai ce da 'ya'yan manya, mu na Maraɗi ɓata lokacinmu muke yi. Gaskiya ne? In ba haka ba, me zan gyara?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Ɗan Yamai ya riga ki jin labari, ofisoshin jakadanci suna kusa da shi, kuma ba sai ya kwana a mota ya ci kilomita sama da 600 ba saboda ganawar minti ashirin. Wannan babu musu. Sai dai na daɗe ina duba wa matasa dosiye kafin su tura, kuma abin da na ga ya fi kayar da 'yan jiharmu shi ne suna ɓoye abin da suke da shi, su ari bakin mutanen babban birni su ci musu albasa. Zan dawo kan wannan, don nan maganar take.

Da farko ki bambanta su da bursin karatu. Irin Chevening ta Ingila kuɗin masta ne na shekara ɗaya, ki dawo da digiri. Waɗanda kike tambaya a kai galibi ba digiri a cikinsu. Makonni ne ko 'yan watanni, a haɗa ki da tsararrakinki na wasu ƙasashe, a kai ki ma'aikatu, ki ga yadda ake yanke shawara, ki dawo bakin aikinki. Ribarsu mutanen da za ki sani ne. Tsarin ma tsoho ne: tun 1982 asusun German Marshall Fund yake da irinsa tsakanin Turai da Amurka. Kuma kada ki ɗauka sadaka ce. Ƙasar da ta biya miki jirgi da masauki tana so ne, ranar da kika zama darakta ko 'yar majalisa, a ce akwai wadda ta san ta kuma za ta ɗaga waya. Ba laifi ba ne, amma ki shiga da idonki biyu.

Wanda aka fi sani a nan shi ne na Mandela Washington, da aka fara a 2014 ƙarƙashin YALI, shirin Shugaba Obama na horar da matasan Afirka jagoranci. Ya kasance yana ɗaukar masu shekara 25 zuwa 35, mako shida a wata jami'ar Amurka, a fannin kasuwanci ko aikin al'umma ko aikin gwamnati, kuma da Ingilishi ake komai. YALI ta buɗe cibiyoyi huɗu a Afirka, aka sa ta masu Faransanci a Dakar, a makarantar CESAG. A Maroko akwai shirin matasan taron Atlantic Dialogues na cibiyar Policy Center for the New South, wanda ke haɗa 'yan Afirka da na Turai da na nahiyar Amurka har da Latin. Tarayyar Afirka tana da shirin matasa 'yan sa-kai tun 2010, wata 12 a wata ƙasar Afirka da ba taki ba. Na gidauniyar Mo Ibrahim kuwa ki ajiye shi sai gaba: masta yake nema da shekaru bakwai zuwa goma na aiki, a sa mutum shekara guda kusa da shugaban wata babbar hukuma irin Bankin Raya Afirka.

To amma zamani ya juya, dole in faɗa miki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙofofi da yawa sun ƙuntata. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agustan shekarar. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. An rushe USAID, hukumar agajin Amurka, a 2025, ita ce kuwa mai ɗaukar nauyin cibiyoyin YALI na Afirka. A Disambar 2025 Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu biza. Saboda haka kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki nemi jerin ƙasashen da aka yarda su shiga a wannan shekarar, a shafin masu shirin da kansu, ba a hoton da aka turo rukunin WhatsApp ba. Na ga wanda ya kwana uku yana rubutu, sai a shafin ƙarshe ya tarar babu Nijar a jerin. A ganina, ɗan Nijar na yau ya fi kyau ya karkata ga shirye-shiryen da ake yi a cikin Afirka, irin na Maroko, wadda tun Nuwambar 2023 take neman kusantar ƙasashen Sahel da tayin ba su hanyar tekun Atlantika.

Yanzu ga dosiyenki. Ban gan shi ba, amma zan iya rantsuwa da yadda ya fara: kin kasance mai kishin ci gaban mata tun kina ƙarama, kina son zama jagora, Afirka tana da matasa da yawa. Mai tantancewa ya karanta irin wannan sau ɗari kafin azahar. Sannan da aka tambaye ki gogewarki a hulɗar ƙasa da ƙasa, kika ji kunya kika kawo wani taron bita na kwana biyu da kika je a otal.

Ƙanwata, Madarunfa fa kike aiki. Duk buhun aya ko na wake da matanki suka sayar, farashinsa yana hawa da sauka ne da darajar naira, da halin da ake ciki a duwan na Ɗan Isa, da abin da ya faru a kasuwar Jibiya ko Dawanau. Kin ga rufe iyaka har sau biyu: na Agustan 2019 da Shugaba Buhari ya yi, wanda ya kai Disambar 2020, da na takunkumin CEDEAO a Agustan 2023. Abin da ake tattaunawa a ɗakunan taro da sunan haɗewar yanki, ke kin gan shi a fuskar matar da wakenta ya fara ƙwari a rumbu don ba mai saye. Gulbin Maraɗi kansa daga Najeriya yake gangarowa, madatsar Jibiya tana bisa kansa, kuma tun 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suka haɗa. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ga 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka kwararo Gidan Runji a 2019, ƙauyuka suka karɓe su kafin kowace ƙungiya ta iso. Wanda ke zaune a ofis a Yamai rahoton wannan yake karantawa. Ke a cikinsa kike kwana.

Don haka ki zaɓi abu ɗaya tak da kika yi da hannunki, ki ba da labarinsa tiryan-tiryan. Da aka rufe iyaka, buhu nawa ya maƙale? Mata nawa abin ya shafa? Wa kika kira, wa ya ƙi, wa ya yarda, ina kuka sami wani mai saye, nawa aka yi asara kuma nawa aka tsira da shi? In wani abu ya faskara, ki faɗa, ki faɗi abin da kika sauya daga baya. Wannan shi ake kira jagoranci a wajensu, ko da ba ki da muƙami. Kuma kada ki ƙara gishiri a alƙaluma. A ganawa sukan ɗauki lamba ɗaya su yi ta tono, wanda ya ƙirƙira nan take yake rikicewa.

Sashen da ake tambayar abin da za ki yi in kin dawo ma haka. "Zan wayar da kan mata" ba shiri ba ne. Ki ce ƙauyuka kaza, cikin wata kaza, da wa da wa. Ki kuma nuna abin da za ki kai musu, domin ba roƙo kika je ba. Sassabin zamani, wato barin kututturen itace ya sake tofo a gona, a nan jihar Maraɗi ya kafu a shekarun 1980, tsakanin manomanmu da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, yau ƙasashe da dama suna koyi da shi. Wadda ta karanta aikin gona a Maraɗi tana da abin koyar da ɗan Brazil ko ɗan Jamus.

Sai harshe, kuma a nan ba zan lallashe ki ba. Mafi yawansu da Ingilishi ake yi, kuma ba a neman na littafi, ana neman ki iya kare maganarki a gaban mutane. In kin ba wani ya rubuta miki, ko na'ura ta fassara miki duka, ganawa za ta tona. Sa'arki ɗaya, Katsina na nan kusa, masu Ingilishi ba su da wuya a garin nan. Ki sami wanda za ki riƙa zama da shi rabin awa kullum har wata shida, kuna magana kan aikinki kawai.

Takardar shaida kuma ki karɓa daga wanda ya ga aikinki da idonsa, ko da shugabar ƙungiyarku ce, ta fi ta wani babban mutum da bai san sunanki ba sai an tuna masa. Ki ba shi aƙalla mako uku. Fasfo ki yi shi tun yanzu. Ki sanar da shugabanki a wurin aiki tun kafin sakamako ya fito, haka ma gida, mahaifi ko maigida, don na san wadda aka zaɓa amma tafiyar ta mutu a tsakar gida saboda an ji labarin a makare. Kada ki bar turawa sai daren ƙarshe, kin dai san halin wuta da rezo a nan.

Duk shirye-shiryen da na ambata ba a biyan ko dala wajen neman shiga. Wanda ya ce ki tura jika goma ta waya don a buɗe miki dosiye, ko ya ce yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne. Faɗuwa sau biyu kuwa ba komai ba ce a wannan harka, masu nema dubbai ne, kujerun kaɗan, kuma da sauran shekara shida kafin ki wuce 35. Ki ɗauko tsohon dosiyenki, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ƙawarki ma za ta iya rubutawa game da kanta, ki goge su. Abin da ya rage, daga nan za ki fara na uku.