Tambaya da Amsa: An damƙa min shirya walimar sauka, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya a Kano. Bana ɗalibai 40 za su yi saukar Alƙur'ani, kuma hukumar makaranta ta ɗora min shirya walimar. Ban taɓa shirya taro ba, ga shi saura wata uku. Ta ina zan fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yaran. Wata uku ya ishe ka, muddin ka fara da ƙidayar mutanen da za su zo, domin kujera da ruwa da abinci da kuɗi duk daga wannan adadin suke fitowa.

Kowane mai sauka yana tafe da iyaye, kakanni, gwaggo, ƙanne da maƙwabta. Ka ɗauka mutum 10 ne a bayan kowane ɗalibi, 400 ke nan. Ƙara malamai, manyan baƙi, sauran ɗaliban makaranta da yaran unguwa da ba wanda zai gayyace su amma za su zo. Ka shirya wa mutum 600. Bai wa kowane gida adadin katin gayyata yana rage cunkoso, amma kar ka dogara da shi, ba wanda zai tsaya a ƙofa ya kori kakar yaro don ba ta riƙe kati ba.

Yanzu sai ka juya adadin zuwa kaya. Kujerun roba da dozin ake haya. Kujera 500 kusan dozin 42 ne, ƙananan ɗalibai kuma a shimfiɗa musu tabarmi a gaba. Rumfa iri-iri ce, don haka ka tambayi mai haya kujera nawa tasa take ɗauka kafin ku yi ciniki. Ɓangaren mata ya fi na maza girma, ka ba su kashi biyu cikin uku na kujerun, domin su suka fi zuwa sauka kuma da yara suke zuwa. Jakar ruwan leda guda 20 ce a ciki. Biyu-biyu ga mutum 600 jaka 60 ke nan, in kuma bazara ce ka kai 90, ka tanadi ƙanƙara tun daren jajibiri. Shinkafa kilo ɗaya tana ciyar da kamar mutum 8, wato buhu mai kilo 50 zai ba ka robar abinci wajen 400. Buhu ɗaya da rabi ya wadatar, amma ka zauna da mai dafawa ku daidaita girman robar, don a nan lissafi yake zamewa.

Ranar taro ka zaɓi Asabar ko Lahadi da safe, daga ƙarfe 9 zuwa 12 da rabi, a tashi kafin Azahar. Taron da sallah ta raba shi biyu ba ya komawa yadda yake, rabin jama'a daga masallaci gida suke wucewa. Ka duba kada ranar ta faɗa cikin azumi ko makon jarrabawar boko. In tsakanin Yuni da Satumba ne, ka nemi ɗakin taro ko ka tanadi azuzuwan da za a koma idan hadari ya taso. Kar ka buga kati sai babban baƙo ya amsa da bakinsa. Mako biyu kafin ranar a kai takarda ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, musamman idan rumfa za ta tare hanya, a kuma nemi 'yan agaji su kula da ƙofa da ajiye ababen hawa.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Rubuta komai da farashinsa, ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Ka yi aiki da kuɗin da ke hannu kawai. Alƙawarin da wani zai yi a wajen taro ba ya biyan mai rumfa. Shinkafa da mai ka saye su da wuri. Masu haya ka ba su rabi kafin alƙalami, a rubuce, cikon sai kaya sun sauka.

Ka raba aiki, kowane aiki da sunan mutum ɗaya: abinci, kujeru, lasifika, tarbar baƙi, ɓangaren mata, jera ɗalibai. Aikin da aka ce na kwamiti ne ba mai yinsa. Kai kuma kar ka riƙe ko ɗaya ranar taro, aikinka zagayawa da duba agogo.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata walimar sauka. Na farko sauti. Mutane karatun 'ya'yansu suka zo ji, idan ba su ji ba sai hira ta ɓarke. A gwada lasifika tun jajibiri a wurin da za a yi taron, wani ya tsaya a layin ƙarshe na mata ya saurara. A tanadi makirfo biyu da sababbin batura. Kar a dogara da wutar NEPA, janareta da cikakken mai, a ajiye shi nesa da rumfa don ƙararsa.

Na biyu lokaci, kuma nan ne sababbin masu shirya taro suka fi faɗawa. Idan kowane ɗalibi zai yi karatun minti uku, awa biyu ta tafi. Miƙa shahada da ɗaukar hoto, minti biyu kowane, awa ɗaya da minti 20 ne. Ba a yi jawabi ko ɗaya ba an ci fiye da awa uku. Mafita ita ce a raba su rukuni biyar na mutum takwas-takwas, kowane rukuni minti biyar, a miƙa musu shahada suna tsaye a wurin. Jawabai kar su wuce uku na minti biyar-biyar, nasihar babban malami minti 20, kuma a faɗa wa kowa lokacinsa tun a takardar gayyata, don mai gabatarwa ba zai iya katse dattijo a bainar jama'a ba. A yi gwaji sau biyu da yaran, har da yadda za su shigo da inda za su zauna. Sunayen da ke kan shahada a aika wa iyaye su duba kafin a buga. Kuskuren suna ɗaya yana ɓata wa gida guda rai.

Na uku rabon abinci. Da zarar an hango roba ta fito, tsari ya watse. A kulle abincin a aji guda, mutum ɗaya ya riƙe mukulli, ba a fito da shi sai an shafa addu'ar rufewa. A raba wa mutane suna zaune, layi-layi, mata su raba wa mata, yaran unguwa kuma a ware musu nasu a wata ƙofar. Iyaye masu tasowa da waya don hoto, a ja igiya a gaban ɗalibai, a sanar cewa akwai wurin hoto bayan an tashi.

Kujeru ka ƙirga su tare da mai haya lokacin saukewa da lokacin kwashewa, domin duk wadda ta ɓace ko ta karye kai za ka biya. Ka naɗa masu shara tun kafin ranar, kuma cikin mako guda ka miƙa wa hukumar makaranta lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, haɗe da rasitai.