Batirin kwalekwale da ruwa ya jiƙa

Malam, kana tambaya ko batirin kwalekwalenka zai ƙara aiki bayan ruwa ya jiƙa shi. Zai yi, muddin bai tsage ba kuma ruwan bai shiga cikinsa ba. Fara cire wayar (–), sannan ta (+). Dama bekin soda cokali 1 a kofin ruwa, ka goge kawunan batirin (inda ake ɗaura wayoyin) da buroshi, murafun ramukan ruwan batirin a rufe. Ɗauraye, ya bushe sarai, ka shafa basilin. Auna da mitar awon wutar batiri: ya kamata ta nuna volt 12.6, in ƙasa da 12.4 ne, sa caji.

Sai dai ka buɗe murafun ka duba ciki kafin caji. In ruwan batirin ya haura layin cikarsa, ruwa ya shiga, asid ɗin ya tsinke. In kuwa ruwan teku ne ya shiga, don Allah kada ka caja, gishirin na tayar da iskar kilorin mai guba. Canza batirin kawai.