Amsa: Yaya ake gane gas a duniyar da ba a taɓa zuwa ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda madubin hangen nesa ke gane iskar wata duniya alhali bai ɗebo ta ba. Da haske ake yi. Ana jira duniyar ta gitta gaban tauraronta, sai hasken da ya ratsa iskarta ya iso da giɓi, domin kowane gas da zangon hasken da yake shanyewa.

Ɗauki WASP-39b, wata duniya da ke kewaya tauraron WASP-39, mai nisan kimanin shekarun haske 700. A Yulin 2022 madubin hangen nesa na James Webb ya kafa mata ido kusan awa 8 da na'urarsa ta NIRSpec mai rarraba haske zango-zango, tun kafin gittawar har bayanta, don a san hasken tauraron shi kaɗai, sannan a kwatanta. Dusashewar hasken tauraron ta ƙaru a maikuron 4.3 (maikuron ma'aunin zangon haske ne), alamar kabon dayoksaid ke nan. Wata ƙaramar alama wajen 4.05 kuwa salfa dayoksaid ce, wadda hasken tauraron ke haddasa samuwarta.

Inda ake tuntuɓe fa? Tabon jikin tauraro yakan kwaikwayi alamar ruwa, gajimare kuma ya danne layukan, wato alamun gas ɗin. Haske in ya yi yawa sai ya cika na'urar ta kasa aunawa, hakan ya faru a gajeren zangon WASP-39. Mafi wuya shi ne alamun gas biyu su hau kan juna, shi ya sa ake ta jayayya kan wani gas mai suna DMS a duniyar K2-18b, domin alamarsa ta haɗu da ta gas ɗin mitan (methane). A ganina kada ka amince da layi ɗaya sai wata na'urar ta sake ganin gas ɗin, kamar yadda MIRI, wata na'urar James Webb ɗin, ta tabbatar da salfa dayoksaid ɗin a maikuron 7.7 da 8.5.