Ana danne mata wajen shiga jami'a a Zamfara?

Ɗan'uwa, ka ce kana shakkar saya wa ƙanwarka fom wai ana danne mata wajen admishan. A doka dai babu wannan, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana bambanci saboda jinsi, JAMB ma jarabawa ɗaya ce ga kowa. Wallahi daga gida matsalar ke farawa, in kuɗi sun yi kaɗan namiji ake biya wa ita a ce ta jira miji, ga shi tun sace ɗaliban Jangebe a 2021 iyaye suka tsorata da makarantar kwana. Don Allah saya mata, Jami'ar Tarayya ta Gusau na nan kusa, in kuma cakuɗuwa da maza ce damuwar Baba, kwalejin horar da malamai ta tarayya (FCE) ta Gusau mata ne zalla.