Na Kasa Shiga Shafin Asibiti Domin Duba Sakamakon Gwaji

Tambaya: Asibitin da nake zuwa ya buɗe mini shafi a intanet domin duba sakamakon gwaji, amma kullum sai a ce kalmar sirrina ba daidai ba ce. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, da farko ki daina maimaita gwadawa, domin shafuka da yawa suna kulle asusun mutum na ɗan lokaci idan kuskure ya yawaita. Ki lura cewa babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kalmar sirri, kuma waya takan mayar da harafin farko babba ba tare da kin sani ba.

Idan hakan bai yi ba, ki nemi sabuwar kalmar sirri. Za a turo lambar tabbatarwa zuwa layin waya ko imel ɗin da kika bayar ranar rajista, kuma a nan mutane da dama suke maƙalewa, saboda sun sauya layi ba su sanar da asibiti ba. In haka ne, ki je sashen ajiye bayanan marasa lafiya da katinki a gyara. Kada ki karanta wa kowa wannan lambar ta waya, ko da ya ce daga asibitin yake.