Gyambon kwanciya: tambayoyinku da amsoshin likita

Tambaya daga wata baiwar Allah a Zariya: Salam likita, Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu kenan, muna kai shi gashi asibiti sau biyu a sati, sai ga wani ciwo ya ɓullo masa a ƙasan ƙugu kuma wallahi bai faɗi ba bai buge ba. Me ya kawo shi?

Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan gyambon kwanciya ne. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa tun daga ciki, shi yasa sai ki ga bakin ciwon ɗan ƙarami amma ciki ya yi rami. Mai lafiya ko barci yake yana juyawa da kansa, Baba kuwa ba zai iya ba, to gashin sau biyu a sati ba zai hana ba in sauran kwanakin yana kwance a gefe ɗaya. Ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, har da dare, ku raba aikin tsakaninku kar a bar wa mutum ɗaya. Kuma abin da ya fi damuna, littattafai suna cewa a duba inda fata ta yi ja, mu kuwa fatarmu ba ta cika nuna ja ba. Sai dai ki sa hannu kullum ki taɓa ƙugu, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya, in kin ji wurin ya fi gefensa zafi ko tauri ko ya ƙara duhu to ya fara. Wanda ya riga ya fito a kai wa nas ta gani yanzu.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi: Ƙanena ya yi haɗarin babur lakarsa ta taɓu, ƙafafu ba sa aiki, amma wuni yake a keken guragu ba a kwance ba. Shi ma yana cikin haɗari?

Sosai ma kuwa. A zaune nauyin duk yana taruwa ne a ƙasusuwan mazaunai, ga shi ba ya jin zafin da zai sa ya gyara zama. A koya masa ɗaga jikinsa da hannu ko karkata gefe duk minti 15 zuwa 30, a sa masa matashi mai kyau amma ban da mai rami a tsakiya kamar taya, yana tare jini. In za a mai da shi gado a ɗaga shi, kar a ja shi a kan zani. In yana shan sigari ya bari don Allah.

Wata Hajiya daga Kumasi: Mahaifiyata mai ciwon suga ce, ta karye a cinya an yi mata aiki, ba ta cin abinci kuma fitsari na zubo mata, sai muka shimfiɗa mata leda.

Hajiya abubuwa da yawa sun haɗu wa Mama, tsufa, suga, rama da danshi. Akwai ma'aunin Braden da nas-nas ke amfani da shi tun 1987, yana duba abu 6 ciki har da motsi, danshi da cin abinci, wanda ya samu maki 18 zuwa ƙasa ana sa masa ido, ki roƙa a auna ta. Leda zalla tana tara gumi da fitsari fata ta jiƙe ta yi laushi, a ɗora zanin auduga a kai a canza da zarar ya jiƙe. Abinci ko kaɗan kaɗan ne a lallaɓa ta, ƙwai, kifi, wake, awara, nono marar suga, a kuma duba ko jininta ya yi ƙasa. A sa filo ƙarƙashin ƙwaurinta dunduniya ta daina taɓa katifa.

Wani kuma ya tambaya ko a gasa wurin da ruwan zafi a murza da man zafi. A'a, kar a murza kar a gasa, wanda ba ya jin zafi zai ƙone bai sani ba. Kar kuma a fasa kafso a barbaɗa a ciki. In ciwon ya fara wari ko ruwa ko zazzaɓi ya shigo, ranar nan a tafi asibiti.